Halin Aiki Shi Ke Raya Ƙungiya: Labarin Masu Madara Na Anand A Ƙasar Indiya

A wannan wata za mu yi magana ne a kan abin da ya shafi kowace ƙungiya da kowane wurin aiki, wato halin aiki.

Da wuya ka sami ƙauye a ƙasar nan wanda ba shi da ƙungiya. Akwai ta manoma, akwai ta mata masu matsar man gyaɗa, akwai ta makiyaya, akwai ta samari. Wasu har an yi musu rajista a ofishin gama kai, suna da hatimi da takardar shaida. Amma in ka koma bayan shekara 2 ko 3, sai ka tarar da yawa sun mutu. In ka tambaya, sai a ce maka rashin kuɗi ne, ko gwamnati ce ba ta taimaka ba. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ciwon daga ciki yake. Kuɗin jama'a sun shiga, ba a san inda suka fita ba. An kira taro, shugaba ne na ƙarshen zuwa. An kawo taki, an raba shi da dare. Daga nan kowa ya ja jikinsa.

Mene ne halin aiki?

Kowane gida da halinsa. Akwai gidan da in baƙo ya yi sallama, yaro zai tashi ya kawo tabarma da ruwa ba sai an ce masa ba. Akwai kuma gidan da baƙo zai gaji da tsayuwa a zaure. Ba inda aka rubuta doka a bango. Abin da yaro ya ga manya suna yi, shi yake yi.

Wurin aiki ma haka yake. In an ɗauki sabon ma'aikaci, kafin sati ɗaya ya gane yadda ake yi a wurin. Ya gane ko ana zuwa a kan lokaci. Ya gane ko ana cika mudu. Ya gane ko ƙaramin ma'aikaci yana da bakin magana in ya ga ana ɓarna. Waɗannan abubuwa na yau da kullum su ne halin aiki. Don mu ga yadda suke ɗaga ƙungiya, bari mu leƙa wani gari mai suna Anand a Jihar Gujarat ta ƙasar Indiya.

Yadda abin ya fara

A shekarar 1945 Indiya tana hannun Turawan Ingila. Mutanen gundumar Kaira, inda garin Anand yake a lokacin, ƙananan manoma ne. Yawancinsu suna da ɓauna ɗaya ko biyu a gida. Ɓaunar Indiya dabbar gida ce, ana tatsar ta kamar saniya, kuma madararta ta fi ta saniya maiƙo sosai. Mata ne ke yawancin aikin kiwo da tatsa.

Babban birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, yana bukatar madara. Tsakaninsa da Anand ya fi kilomita 400. Gwamnati ta ba wani kamfani mai suna Polson damar tara madarar gundumar yana aikawa a jirgin ƙasa. Dillalai ne ke shiga ƙauyuka suna saye. Su ke yanka farashi. Madara kuwa ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira kasuwa ta yi kyau. In ba ka sayar da safe ba, kafin la'asar ta lalace. Saboda haka duk abin da dillali ya ce, dole manomi ya karɓa.

Da abin ya ishe su, manoman suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, wani babban ɗan gwagwarmayar neman 'yanci, ɗan yankinsu. Ya ba su shawara su kafa ƙungiyar gama kai, su riƙa tara madararsu suna sayarwa da kansu. A watan Janairu na 1946 aka yi taro a ƙauyen Samarkha, aka amince da haka. Gwamnati ta ƙi yarda. Sai manoma suka shiga yaji. Kwana 15 ba su sayar wa dillalai da ko ɗigo ba. Da Bombay ta ji a jikinta, gwamnati ta sauko. Ranar 14 ga Disamba 1946 aka yi wa ƙungiyar rajista. Da ƙauyuka 2 ta fara, madarar da ake tarawa kuma ba ta wuce lita 250 a rana ba. Wannan ƙungiya ce daga baya ta sa wa kayanta suna Amul.

Wanda aka ba shugabanci shi ne Tribhuvandas Patel. Shi ya riƙa bin ƙauyuka yana lallashin mutane su shiga. Tun farko ya kafe a kan abu guda: ƙofa a buɗe take ga duk mai dabbar tatsa, ba ruwan ƙungiya da addininsa ko asalinsa ko jam'iyyarsa. Kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, mai ɓauna 1 da mai ɓauna 20.

Layi

A kowane ƙauye ƙungiya tana da ɗakin karɓar madara. Ana buɗewa sau biyu, safe da yamma, kullum, ba ranar hutu. Kowa ya zo da tukunyarsa sai ya shiga layi. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin mamaki a layi? Sai ka san Indiya za ka gane. Mutanen can suna da tsohuwar al'ada ta raba jama'a hawa-hawa bisa ga haihuwa. Akwai dangin da ake ganin su ne a sama. Akwai na can ƙasa, waɗanda ake kira Dalit, da a da ko taɓa su ba a yi, rijiya ma ba a haɗawa da su. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama, amma a ƙauye al'ada ba ta mutuwa da wuri. To, a layin madara sai ga matar Dalit a gaba, ɗan babban gida yana bayanta yana jira. Madararsu kuma a garwa ɗaya ake juye ta. Ba wa'azi aka yi musu ba. Sau biyu kullum suke ganin abin da idonsu, har ya zama jiki.

Awo a gaban mai kaya

Nan ne wurin da ya kamata mu tsaya sosai. In mace ta kawo madara, ma'aikaci zai auna yawanta a gabanta. Sannan ya ɗebi 'yar kaɗan a gwada yawan maiƙon da ke ciki. Da yawan madara da yawan maiƙo ake lissafin kuɗi. Farashin kuwa sananne ne ga kowa. Ana rubuta abin da ta kawo a littafin ƙungiya, a kuma rubuta a ɗan katin da ke hannunta.

Ga misali. Mata biyu sun kawo lita 2 kowacce. Ta farko madararta tsantsa ce. Ta biyu lita 1 da rabi ta tatsa, ta cika da ruwa. A wurin dillali mai saye da ido, ta biyu ta ci riba, ta farko ta zama wawuya. Gobe ita ma sai ta zuba ruwa. Shi kuma dillali ya san ana zuba ruwa, sai ya karya farashi ga kowa. Kowa na cutar kowa ke nan. Amma inda ake gwada maiƙo, ruwan da ta biyu ta zuba bai ƙara mata komai ba, sai nauyin ɗauka. Ta farko kuwa ta sami haƙƙinta cif. Ba sai an sa ɗan doka ba, zuba ruwa ya daina biyan bukata. Abin da zai ƙara wa mace kuɗi yanzu shi ne ta ciyar da dabbarta da kyau.

Sai maganar biya. A wancan zamani kuɗi hannu ake bayarwa, kuma ba a jinkiri. Madarar safe a biya da yamma, ta yamma a biya washegari da safe. Talaka mai ɓauna ɗaya ba zai iya jiran ƙarshen wata ba. Da kuɗin yau zai sayi abincin yau da dusar dabba. In da ƙungiya ta riƙa cewa “je ka dawo”, da dillali mai kuɗi a aljihu ya kwashe mutanenta cikin sati guda. A ƙarshen shekara kuma, in an sami riba, ana raba wani kaso bisa ga yawan madarar da kowa ya kawo. Ba a duba wane ne ɗan'uwan shugaba. Ƙari a kan haka, masu binciken kuɗi suna zuwa daga waje su duba littattafan ƙauye a kai a kai.

Akwai wani alkawari mai nauyi da ƙungiyar ta ɗauka: duk madara mai kyau da ɗan ƙungiya ya kawo, za a karɓa. Wannan alkawari ya kusa karya ta. Lokacin sanyi ɓauna tana ba da madara da yawa ƙwarai, Bombay kuwa ba ta iya shanye duka. Ya za a yi da ragowar? Mafita ita ce a busar da ita ta zama madarar gari. Masanan ƙasashen waje suka ce madarar ɓauna ba ta yin gari, sai ta saniya. Wani masani na ƙungiyar mai suna H. M. Dalaya ya ƙi yarda, ya yi ta gwaji har ya dace. Ranar 31 ga Oktoba 1955 Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya buɗe sabuwar masana'antar a Anand. Ku lura, neman cika alkawarin da aka yi wa manomi ne ya haifi wannan fasaha.

Shugaba da manaja

A shekarar 1949 gwamnati ta tura wani saurayi injiniya zuwa Anand, sunansa Verghese Kurien. Ya yi karatu a Amurka da kuɗin gwamnati, don haka dole ya yi mata aiki. Baƙo ne daga Kerala, can kudancin Indiya, kuma Kirista ne mai cin nama a cikin mutanen da yawancinsu ba sa ci. Ɗakin haya ma ya gagare shi, sai a garejin mota ya zauna. Ba ya son garin, jira kawai yake wa'adinsa ya cika ya tafi. Amma yakan taimaka wa ƙungiyar manoma da gyaran tsofaffin injinanta. Da ya tashi tafiya, Tribhuvandas ya roƙe shi ya ɗan tsaya ya kafa musu sabon inji. Tsayawar ke nan. A yankin ya ƙare rayuwarsa a 2012.

Zaman waɗannan mutane biyu abin koyi ne. Tribhuvandas ɗan siyasa ne, ya san mutane, manoma sun yarda da shi. Kurien ya san inji da kasuwa da lissafi. Kowa ya tsaya a gonarsa. Shugaba da kwamitinsa su ke yanke inda za a dosa. Manaja da ma'aikatansa su ke gudanar da aikin kullum. Tribhuvandas ya tsaya tsakanin ƙungiya da 'yan siyasa, ya bar Kurien ya ɗauki ma'aikata bisa ga iya aiki. Shi kuma Kurien, duk da sunan da ya yi a duniya, yakan kira kansa ma'aikacin manoma. Su suka ɗauke shi, su ke biyansa.

In ma'aikaci ya san manomi ne maigidansa, aikinsa yakan sake. Ƙungiyar ta ɗauki likitocin dabbobi masu zagaya ƙauyuka a mota. In dabba ta kamu da ciwo farat ɗaya, ana iya kiran likita ya zo har gida. Ta kuma kafa masana'antar abincin dabbobi don 'yan ƙungiya su samu da sauƙi. Da Tribhuvandas ya sauka daga shugabanci don kansa, manoma suka tara masa kuɗi masu yawa kyauta. Bai sa su a aljihu ba. Da su aka kafa gidauniyar kula da lafiyar mata da yara a ƙauyukan.

Firayim Minista ya kwana a ƙauye

A watan Oktoba na 1964 Firayim Minista Lal Bahadur Shastri ya zo buɗe masana'antar abincin dabbobin nan. Ya ce shi a gidan manomi zai kwana. Aka kai shi ƙauyen Ajarpura ba tare da gayya ba. Ya raba dare yana hira da mutanen ƙauye, maza da mata.

Washegari ya gaya wa Kurien abin da ke damunsa. Gwamnati ta kashe kuɗi ta kafa masana'antun madara a wurare da yawa, ba su yi albarka ba. Ya duba ƙasar Anand, ba ta fi ta wasu wurare kyau ba. Ya duba ɓaunayensu, akwai inda ake da waɗanda suka fi su. To mene ne sirrin? Kurien ya amsa masa cewa bambancin ɗaya ne. Wannan masana'anta ta manoma ce. Su ke zaɓen shugabanninsu, su ke ɗaukar manaja, in bai yi aiki ba su sallame shi.

Daga wannan ziyara aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa a 1965, aka sa hedkwatarta a Anand, Kurien ne shugaba. A 1970 aka fara babban shirin yaɗa tsarin Anand a faɗin ƙasa. Indiya da a da take shigo da madarar gari daga waje, a 1998 ta wuce Amurka, ta zama ta ɗaya a duniya wajen yawan madara. Yau a Jihar Gujarat kaɗai, masu kai wa Amul madara sun kai kimanin miliyan 3 da dubu 600, a ƙungiyoyin ƙauye fiye da 18,000.

Ga wani abin sha'awa, tunda mutanenmu masu son fim ɗin Indiya ne. A 1976 an yi fim mai suna Manthan a kan irin wannan gwagwarmaya. Manoma 500,000 ne suka biya kuɗin yin sa, kowa ya ba da rufi 2.

Inda aka ɗauki inji aka bar hali

Kada mai karatu ya zaci ko'ina abin ya yi kyau. A wasu jihohin Indiya an gina masana'anta irin ta Anand, an sayo injina iri ɗaya, an ba ƙungiya suna. Amma sai gwamnatin jiha ta ɗora ma'aikacinta a kan kujerar manaja. A wasu wurare aka daɗe ba a yi zaɓe ba. Irin wannan manaja ba ya tsoron manomi, wanda ya naɗa shi yake tsoro. In an yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi, ko ƙungiya ta ci riba ko ta faɗi ba abin da ya dame shi. Da yawa daga irin waɗannan ƙungiyoyi sun yi ta ɗingishi, kuma Kurien ya sha yin kuka a kan haka.

Ko a Gujarat ɗin ma ba mala'iku ba ne. Siyasa takan shiga zaɓen ƙungiyoyi. Shi kansa Kurien a 2006 ya ajiye shugabancin babbar ƙungiyar kasuwancin Amul bayan saɓani da 'yan kwamiti. Amma ya tafi, ba a fasa karɓar madara safe da yamma ba, ba a fasa awo ba, ba a fasa biya ba. A ganina wannan ya fi dukkan lambobin yabon da aka ba shi daraja.

To mu fa?

Ba mu da ɓauna, kuma yawancin ƙungiyoyinmu ba su da inji. Amma mudu da sikeli muna da su, littafi ma muna da shi. Babu ko ɗaya cikin halayen nan da yake bukatar tallafin gwamnati.

In ƙungiyarku tana tara gyaɗa ko shinkafa ko nono, a yi awo a gaban mai kaya, da mudu ɗaya ga kowa. Mudun saye ya zama shi ne mudun sayarwa. A kuma bambanta farashin kaya mai kyau da mai tsakuwa. In ba haka ba, mai tsince kayansa zai gaji ya daina. In an sa ranar biya, a biya a ranar. In kuɗi ba su samu ba, shugaba da kansa ya fito ya yi bayani tun kafin a zo nemansa. Ɓuya ita ke haifar da zargi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shugaba ya sani shi ake kallo. In taki ya zo, ya shiga layi kamar kowa. In ya ci bashin ƙungiya, ya riga kowa biya. Mun san wannan tun a wurin gayya: in sarkin noma ya duƙa, ba saurayin da zai tsaya yana hira. Kuma kada mutum ɗaya ya haɗa shugabanci da ajiyar kuɗi da rubutu. Ko shi mutumin kirki ne, an ɗora masa abin da zai jawo masa zargi.

Akwai wani abu da yake yi mana wuya, wato barin na ƙasa ya yi magana. Muna da kunya da girmama manya, kuma abu ne mai kyau. Amma yaron da ke tsaye a bakin injin niƙa shi ke fara jin in ƙarar inji ta sake. Matar da ke kai mai kasuwa ita ke jin abin da masu saye ke faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In duk wanda ya kawo labarin matsala tsawa ake yi masa, gobe zai yi shiru, sai inji ya ƙone sannan a sani. Shugaba ya riƙa tambayarsu da sunansu a wurin taro. In ƙungiya ta haɗa maza da mata, kuma mata ba sa sakewa a gaban maza, a ba su nasu zama, wakiliyarsu ta kawo abin da suka faɗa.

Ku kuma da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. A da, in magatakarda ya ce “haka aka rubuta”, magana ta ƙare. Yanzu kuna iya dubawa. Ku nemi a riƙa karanta littafin kuɗi a fili a kowane taro: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage, wa ake bi bashi. Wanda zai karanta ya zama wani ne daban, ba wanda ya rubuta ba, kuma a riƙa canjawa wata-wata. Kowane ɗan ƙungiya ya sami ɗan littafi nasa na aljihu, a rubuta masa abin da ya kawo da abin da ya karɓa, da kwanan wata, ma'aji ya sa hannu. Littafin makaranta mai warƙa 20 in an yanka shi biyu ya ishi mutum biyu. Wanda shafin lissafi ya rikita shi, ya kai wa malamin ajinsu su duba tare kafin ranar taro.